Tsanin da Gara Ta Ci

Ya mai karatu, kaka ta yi. Daga Illela har Ƙonni da Malbaza ana ta kai damman gero rumbu. Yau za ka ɗauko tsaninka da ya yi damina a jingine bayan ɗaki. Kafin ka taka shi, tsaya ka duba.

Gara takan ci itace daga ciki, ta bar bayansa sumul. Ka ƙwanƙwasa shi da ƙotar gatari. In ya yi amo kamar ƙwaryar da ba kome ciki, ya mutu. Ka soka tsinin wuƙa a gindinsa, inda ya sha lema. Ka girgiza matakan ɗaya ɗaya, ka duba igiya da ƙusa. In ka jingine shi, kowane kamu 4 na tsawo, gindinsa ya nisanci bango da kamu 1.

To, a ce ka tarar ya lalace. Me za ka yi da shi?

Zuciya za ta ce, “Kai shi kasuwa, ko jika ɗaya ka samu.” Ko ta ce, “Bar shi nan, wata rana ya yi amfani.” Wani kuma ya ce, “Kayana ne. Wanda ya saya, ai da idonsa ya gani.”

Amma mai saye baya kaɗai ya gani. Kai ne ka san cikin. Wanda ya sani ya yi shiru, shi ke da alhaki. In mutumin ya faɗo da dami a kā, ƙugunsa ya karye, aka ɗauke shi zuwa asibitin Galmi, wa zai nome gonarsa baɗi? Jikarka za ta ciyar da 'ya'yansa? Hausawa sun ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Mai yiwuwa ɗan'uwanka ne zai ari tsanin nan a hannun wanda ka sayar wa.

Ajiye shi ma ba mafita ba ce. Ran da ka tafi gona, matarka za ta so hatsin daka, ko yaro ya bi tantabara bisa ɗaki. Ba za su ƙwanƙwasa ba, hawa za su yi.

A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina sabon gida ya ja katanga kewaye da rufin soronsa, don kada wani ya faɗo, alhakin jini ya hau gidan. Wani malamin Yahudawa na dā, Rabbi Natan, ya koyar cewa dokar nan ta hana mutum ajiye tsani mai rauni a gidansa. Ka gani, ba sai ka ture mutum da hannu ba ne kake da laifi. Barin tarko ma laifi ne.

Kada ka ce, “In kwana ya ƙare, ya ƙare.” Wanda ya ba ka rai, shi ya ba ka ido da hankali.

In mataki ɗaya ne ya saki, ka sake shi da itace mai ƙwari. In ƙafar tsanin ce ta ruɓe ko ta tsage, kada ka ɗaure ta da tsumma. Ɗauki gatari ka faskara shi yau, ka kai murhu. Sabon tsani zai ci maka kuɗi, gaskiya ne. Amma itace yana da madadi, ƙashin bayan ɗanka ba shi da shi.