Bandalet Goma Sha Ɗaya

Inna tana ajiye ɗan gwangwanin bandalet cikin kwanon da take ɓoye goro. Juma'ar da ta wuce na je gida Bukoki na ƙirga su, saura 11. Allurar insulin take yi safe da yamma, kuma lokotoro ya ce ta dinga gwada jini kafin ta soka. Na tambaye ta yadda aka yi kwalin 50 ya shiga wata huɗu bai ƙare ba. Ta ce: "Kai ɗan nan, ai jikina yana faɗa mini. In na ji jiri sai in gwada."

Jiki yana faɗi, amma wani lokacin ƙarya yake. Kasalar da ake ji in sukari ya hau tana kama da wadda ake ji in ya faɗi, maganinsu kuwa kishiyar juna ne. A azumin bara ta ji jiri, ta ɗauka hawa ya yi, ta yi allura don kada ta ɓata bandalet ɗaya. Ashe faɗuwa ya yi. Da ba don maƙwabciya ta same ta tana gumi tana makyarkyata ta ba ta ruwan sukari ba, da yanzu wani rubutun nake yi.

Tun ranar nake tambayar kaina: sanin halin da jininka yake ciki, haƙƙi ne ko kayan alatu?

Ba zan ce gwamnati ba ta yin komai ba. Tun 2006 aka yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, haka ma tiyatar haihuwa. A watan Agusta na 2024 an rage rabin kuɗin ganin lokotoro da gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati, an kuma soke jikka 150 da ake ajiyewa kafin a fara wa mutum wankin ƙoda. Madalla. To amma ciwon sukari yana cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙoda. Ke nan al'umma ta yarda ta ɗauki nauyin Inna ranar da ƙodarta ta mutu, ɗan tsinken da zai taimaka kada a kai ga ranar kuwa, wannan nata ne ita da ƴaƴanta. Na'urar ma ba ita ce matsala ba, sau ɗaya ake sayenta. Bandalet ne ke cin kuɗi, kuma kowace na'ura nata kawai take karɓa.

Abokina da ke karatun likita a Jami'ar Abdou Moumouni bai yarda da ni ba. Ya ce: "Malam, bandalet ba ya warkar da kowa. Kuɗin kwali ɗaya zai yi wa yara da yawa maganin masassarar cizon sauro. In tukunya ƙarama ce, wa za ka fara zuba wa?" Maganar ta yi mini nauyi, don na ga yadda damina ke cika ɗakunan yara. Ko Faransa, da duk arzikinta, tun 2011 ta ƙayyade bandalet 200 a shekara ga mai ciwon sukarin manya da ba ya allura.

Sai dai a nan ne nake ganin ya bar mini ƙofa. Faransa ta ƙayyade wa wanda ba ya allura ne, mai allura ba ta sa masa wannan iyaka ba. Insulin ba kamar ƙwayar ciwon kai ba ce. In ya yi kaɗan ya cuce ka a hankali, in ya yi yawa ya kashe ka cikin dare ɗaya. Wanda ya miƙa wa tsohuwa wannan allura bai ba ta abin awo ba, ya ba ta wuƙa ne cikin duhu. Ban ce a raba wa kowa ba. Na ce wanda aka rubuta wa insulin, gwaji rabin maganinsa ne, duk tsarin da zai biya ɗaya ya biya ɗayan.

Ni ma ban fita ba. An biya mu bursi, na sayi takalmi kafin in tuna da gwangwanin. Da na ce mata zan kawo sabon kwali ƙarshen wata, sai ta rufe kwanon goron ta ce: "Bar shi, waɗannan za su kai ni Sallah."