Inda Gini Ya Haɗu da Gini

Karatu: Nehemiya 3:1-12, 4:16-20



Wata uwa ta rubuto mana daga Maraɗi. Ɗanta ɗan kabu-kabu ne. Ya soma shan tramol domin ya jure rana da gajiya, ya haɗa kuɗin da zai kai wa mai babur da yamma. Da fari ƙwaya ɗaya ce cikin kofin shayi. Yau in bai sha huɗu ba, jikinsa rawa yake yi. An kama shi sau ɗaya, aka yi belinsa. Wata rana ya faɗi yana shure-shure a bakin kasuwa, aka kai shi asibiti, aka yi masa allura, aka sallame shi. Ta je wurin mai unguwa, ya ce maganar ta hukuma ce. Ga yadda ta rufe wasiƙarta: "Duk wanda na je wurinsa ya yi aikinsa, ba wanda ya wulaƙanta ni. To, me ya sa ɗana yake nan yadda yake? Alhakinsa yana wuyan wa?"

Tambayar nan tana da nauyi. Idan mutum goma suka raba aiki, kowa ya yi nasa, amma yaron ya lalace, wa za a tambaya?

Bari mu bi sawun ƙwayar. Tramol maganin kashe ciwo ne, likita yakan ba da miligiram 50 ko 100. Wanda ake sayarwa a tebur yakan kai 200 ko 225. Yawancinsa daga Indiya yake fitowa, ya sauka a tashoshin bakin teku, manyan motoci su hauro da shi arewa. Kafin ya kai hannun yaron nan, ya wuce gaban jami'in kwastan, da mai binciken magunguna, da jandarma a kan hanya. Bayan ya sha kuma, ga alƙali, ga likita, ga mai gadin kurkuku. Kowannensu da ofishinsa da shugabansa.

A shekarar 2018 Najeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. A shekarar nan kuma Indiya ta tsananta doka a kan tramol. Masu fataucin ba su daina ba, sai suka koma wa wata ƙwaya dabam da ake kira Tafrodol, har sai da binciken BBC ya tona asirinta a 2025, Indiya ta hana yin ta. An toshe rami ɗaya, ɓera ya fita ta wani. Abin da aka hana a Katsina kuwa, in an sake masa a Maraɗi, kafin rana ta faɗi ya ƙetare iyaka. Gaskiyar Hausawa ce, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Yanzu mu duba karatunmu. Sa'ad da Nehemiya ya tashi gyaran garun Urushalima, ya raba aikin. Sura ta 3 cike take da sunaye: firistoci, maƙeran zinariya, masu haɗa turare, 'yan kasuwa, har da Shallum da 'ya'yansa mata. Waɗansu sun gina daidai ƙofar gidansu. Mai karatu yakan gaji da sunayen, amma lura da abu guda: in an ambaci mutum, sai a faɗi wanda yake kusa da shi. Dalili kuwa, garu ba ya zama garu sai ginin wannan ya kama ginin wancan. Kowa zai iya ɗora tubalinsa da kyau, amma in an bar kamu ɗaya a tsakani, aikinsu duka ya tashi a banza.

Amsar tambayar uwar nan ke nan. Alhakin mutum ba ya ƙarewa a inda takardar aikinsa ta ƙare. Yana ƙarewa ne sa'ad da ya danƙa amanar a hannun na gaba. Ɗan sandan da ya saki yaron yana bukatar ya san inda zai aika shi a yi masa jiyya. Likitan da ya sallame shi yana bukatar wanda zai bi sawunsa a gida. Mai kama kaya a hanya yana bukatar alƙalin da ba zai saki mai kayan ba.

Nehemiya ya ga mutanensa sun yi nisa da juna a kan garun, sai ya ajiye mai busa ƙaho kusa da shi, domin duk inda aka ji busa a taru a can. Haka gwamnati take bukatar wuri ɗaya da labari yake haɗuwa, da murya ɗaya da ma'aikatu za su saurara. Nijar tana da dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi tun 1999, da ofishi na musamman mai suna OCRTIS. A watan Maris na 2021 an kama tan 17 na tabar wiwi a Yamai. Wannan abin godiya ne. Amma kama kaya ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu. Shi ya sa a 2014 kwamitin da Kofi Annan ya kira, wanda Olusegun Obasanjo ya shugabanta, ya shawarci ƙasashen Afirka ta Yamma su ɗauki mai sha a matsayin majiyyaci, su juya ƙarfin doka ga manyan dillalai.

Surar ba ta ɓoye laifi ba. Ta ce manyan mutanen Tekowa sun ƙi sa hannu a aikin. Irinsu suna nan har yau. A Janairun 2022 an kama kilo 214 na hodar iblis cikin motar wani magajin gari a jihar Agadas. In wanda aka ba tsaron garu shi ne yake fasa shi, ba taron da zai yi amfani. Haɗin kai ba ya tsayawa sai a kan gaskiya.

Ɗan'uwa, kada mu tsaya ga nuna wa hukuma yatsa. Akwai gini a ƙofar gidanmu. Kai mai babur, kuɗin da ka yanka wa yaronka kowace rana, mutum zai iya haɗa shi ba da ƙwaya ba? Kai mai tebur, me yake cikin kwalin da kake ɓoyewa a ƙasa? Ke uwa, kada kunya ta sa ki rufe cutar da take cin ɗanki. Ku dattawan ikilisiya, in saurayi ya daina zuwa sujada, wa ya je nemansa? Mu yi masa addu'a, mu kuma raka shi wurin likita, gama daina tramol farat ɗaya ba tare da kulawa ba yana jigata jiki, yakan kuma mai da mutum ruwa.

Ga uwar da ta rubuto, muna cewa: Mama, kada ki ɗauki kayan nan ke kaɗai. Ki nemi mutum biyu amintattu, ku koma asibiti tare, kada ku fito sai an faɗa muku ranar dawowa da wanda za ku gani. Mutanen Nehemiya sun gama garunsu cikin kwana 52, domin ba wanda ya bar maƙwabcinsa shi kaɗai.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba shugabanninmu hikima da tsoronka, su yi aiki da zuciya ɗaya. Ka kuɓutar da 'ya'yanmu da ƙwaya ta ɗaure. Ka nuna mini ginin da yake ƙofar gidana, ka ba ni ƙarfi in haɗa shi da na maƙwabcina. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.