Barnaba: Darasi Domin Zumuntar Maza

Karatu: Ayukan Manzanni 4:32-37, 9:26-30, 11:19-30, 15:36-41. Aya ta haddacewa: Ayukan Manzanni 11:24.

'Yan'uwa cikin Ubangiji, sa'anda lokacin zaɓe ya zo cikin Zumuntar Maza, mu kan nemi mutum mai baki, wanda ya iya tsayawa gaban taro, ko kuwa mai hali, wanda zai iya cika abin da asusu ya kasa. Ba laifi ba ne. Amma akwai wani mutum cikin Littafi Mai Tsarki wanda ba a rubuta mana ko wa'azi ɗaya nasa ba, ba kuwa wata wasiƙa cikin Sabon Alkawali da ke ɗauke da sunansa, duk da haka mutane biyu da ya riƙe hannunsu, Bulus da Markus, su ne su ka rubuta sashi mai yawa na Sabon Alkawali. Sunansa na yanka Yusufu, Balawi ne, haifaffen tsibirin Kubrus. Manzanni ne su ka yi masa laƙabi Barnaba, watau mai ƙarfafa zukatan mutane. Ku lura, ba shi ya ba kansa sunan nan ba. Waɗanda su ka zauna da shi su ne su ka ga halinsa, su ka kira shi haka.

Farkon ganinmu da shi, ya sayar da gonarsa, ya kawo kuɗin duka gaban manzanni domin a raba wa masu bukata. Manomi na Filato ba ya bukatar a bayyana masa nauyin wannan abu, gama ya san yawan shari'a da gaba da a kan yi tsakanin 'yan'uwa na jini saboda iyakar gona ɗaya. Ba a tilasta wa kowa ya yi haka ba. Bitrus ya faɗa wa Hananiya sarai, gonarsa tasa ce, kuɗinta kuma a hannunsa su ke. Abin da ya kashe Hananiya da Safiratu shi ne su na son sunan Barnaba ba tare da halin Barnaba ba.

Ya Tsaya wa Wanda A Ke Tsoro

Sa'anda Shawulu ya komo Urushalima bayan tubansa, ya nemi ya shiga cikin masu bi, amma su ka ƙi shi. Kada mu yi saurin ba su laifi. Cikin taron nan akwai waɗanda ya ja 'yan'uwansu zuwa kurkuku, akwai waɗanda su ka ɗauki gawar Istifanus su ka binne. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Barnaba kaɗai ya je wurinsa, ya ji labarinsa, ya kama shi ya kai shi gaban manzanni, ya yi magana dominsa. Da a ce Shawulu ɗan leƙen asiri ne, da Barnaba ya ba da shugabannin ekklesiya duka ga mutuwa, sunansa kuma ya ɓaci har abada. Ya san wannan, ya kuwa tsaya.

Bayan wannan a ka aika Shawulu garinsu Tarsus, ya yi shekaru a can, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Sai bishara ta kai Antakiya, birni na uku wajen girma cikin mulkin Romawa, bayan Roma da Iskandariya, inda kabilu iri iri su ka taru domin ciniki. Wanda ya san tarihin Jos zai gane Antakiya da sauƙi. Haƙar kuza ce ta tara mutane a nan, jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, Hausawa da Ibo da Yarabawa da mutanen ƙasashe masu nisa su ka zo su ka tarar da Birom da Anaguta da Afizere a ƙasarsu. A irin wannan gari ekklesiya ba ta iya zama ta kabila ɗaya. Ekklesiyar Urushalima ta aiki Barnaba ya dubo abin da ke faruwa. Ya ga alherin Allah a wurin mutanen da ba Yahudawa ba, ya yi murna, aikin ya yi albarka a hannunsa.

To, a nan ne darasinmu ya ke. Mutum ne shi kaɗai a kan babban aiki, kowa ya na girmama shi, ba mai ja da shi. Me ya sa zai nemo wani? Amma ya bar aikin, ya kama hanyar Tarsus, tafiya ta kwanaki, ya yi ta neman Shawulu har ya same shi. Zumunta a ƙafa ta ke. Bai aika saƙo ya ce in Shawulu ya na so ya zo ba. Ya kuma riga ya san Shawulu ya fi shi ilimin Attaura, ya fi shi kaifin baki. Ya kawo wanda zai fi shi, da saninsa. Su ka yi shekara guda cur su na koyarwa tare, a can ne kuma a ka fara kiran masu bi Kirista.

Ku buɗe sura 13 ku duba jerin sunaye. A aya ta fari an ambaci annabawa da masu koyarwa biyar: Barnaba ne na fari, Shawulu na ƙarshe. Kafin a kai aya 13, Luka ya na maganar Bulus da abokan tafiyarsa, Barnaba ya koma ɗaya daga cikin abokan tafiya. Daga nan galibi sunan Bulus ke gaba, ko da ya ke a Urushalima, inda a ka san shi tun da, su kan sa Barnaba a gaba har yanzu. Ba mu karanta ko sau ɗaya ya yi gunaguni a kan wannan ba. Dattawa, wannan ya fi sayar da gona wuya. Da yawa za su ba da kuɗi da farin ciki, amma ba za su ba da kujera ba.

Tarihin ekklesiyoyinmu ya na da abin faɗi a nan. Masu mishan na S.U.M. sun sauka Wase a 1904. Sai a 1938 a ka naɗa fastoci na fari 'yan ƙasa cikin wannan aiki, watau Toma Tok Bot, da Bali Falang, da David Lot. Shekara 34 ke nan. An buɗe makarantar Gindiri a 1934 domin koyar da masu bishara da malamai, bayan shekara huɗu kuwa a ka ga fastoci. Mu na gode wa Allah domin waɗanda su ka bar ƙasarsu su ka zo, waɗansu kaburburansu na nan Miango. Amma gaskiya ita ce, aikin ya bazu sosai sa'anda a ka sa shi a hannun 'ya'yan ƙasa: ƙungiyar masu bishara da yanzu a ke kira E.M.S. ta fara a 1948, masu bi na ƙasan nan ke aike su da baikon kansu, E.C.W.A. ta tsaya a 1954, tarayyar ekklesiyoyin S.U.M. a 1955, makarantar tauhidi ta Bukuru a 1959. Idan mu na ganin Turawa sun yi jinkirin sakin aiki, sai mu tambayi kanmu shekara nawa shugaban zumuntarmu ya yi a kan kujera, wane saurayi kuma ya ke koya wa riƙon taro, da rubuta labarin taro, da ziyarar marasa lafiya. Yaron da ya ke tafiyar soja cikin 'yan Birged yau, bayan shekara goma magidanci ne. Idan ba wanda ya je Tarsus ya nemo shi, wata ƙungiya za ta nemo shi, mun kuwa san irin ƙungiyoyin da ke jiran samari a unguwanninmu, da ƙwaya da rantsuwar asiri.

Gudummawa a Lokacin Yunwa

Wani annabi mai suna Agabus ya zo Antakiya ya faɗi za a yi babbar yunwa. Ta kuwa auku a zamanin Kaisar Kalaudiyus, wanda ya yi mulki daga shekara ta 41 zuwa 54. Yusufus, marubucin tarihi na Yahudawa, ya ba da labarin yunwar a Yahudiya, har ya ce wata sarauniya mai suna Helena ta sayo hatsi daga Iskandariya da busasshen ɓaure daga Kubrus ta raba a Urushalima. Masu bi na Antakiya ba sarakuna ba ne. Kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, domin mutanen da bai taɓa gani ba, waɗanda har waɗansunsu su na shakkar ko bangaskiyarsa ta gaske ce.

Sun kuwa aika kuɗin ta hannun mutum biyu, Barnaba da Shawulu. Mutumin da ya ba da gonarsa kyauta, wa zai zarge shi da cin kuɗin baiko? Duk da haka bai tafi shi kaɗai ba. Bulus ya koyi wannan, gama cikin 2 Korinthiyawa sura 8 ya nuna bai yarda ya ɗauki tarin kuɗi ba sai tare da 'yan'uwan da ekklesiyoyi su ka zaɓa, domin kada kowa ya sami abin faɗi. Ma'ajin da ya yi fushi don an ce a karanta lissafi gaban taro, ya na neman a amince da shi fiye da yadda manzanni su ka nema. A ƙirga baiko mutum biyu ko uku, a rubuta, a karanta. Zumuntai da yawa ba zunubi mai girma ya watsa su ba, sai zato a kan kuɗi kaɗan da ba wanda ya bayyana inda su ka shiga.

Su wa za mu taimaka? Tashin hankalin Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na 2010, sun bar gwauraye da marayu a Jos da Bukuru da ƙauyuka, sun kuma raba unguwanni, har mutum ya na tsoron bin titin da a ka haife shi. Tun daga lokacin zuciya ta kan ce, mu taimaki namu. Da namu za mu fara, gaskiya ne, amma Galatiyawa 6:10 ba ta tsaya kan namu kaɗai ba. A Yuni 2018, sa'anda a ka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi, limamin masallacin Nghar, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kirista, cikin masallaci da gidansa, ya fita ya tsaya gaban masu makamai ya ƙi ba da su. Ubangijinmu ya taɓa kunyatar da wani masanin Attaura da labarin Basamariye. Ina tsammani wannan labari na ƙasarmu an ba mu shi domin irin wannan kunya. A cikin littafin gudummawar zumuntarku, akwai sunan gwauruwa ko ɗaya wadda ba ta kabilar shugabanni ba, balle wadda ba ta addininmu ba?

Saurayin da Ya Gudu

Yohanna Markus ɗan'uwan Barnaba ne na jini, kamar yadda Kolossiyawa 4:10 ta nuna. Sun tafi da shi tafiya ta fari ya na yi masu hidima, amma da su ka kai Bamfiliya ya rabu da su ya koma gida. Ba a faɗa mana dalili ba. Da za a tashi tafiya ta biyu Barnaba ya so a tafi da shi, Bulus ya ƙi. Gardama ta yi zafi har su ka rabu: Barnaba ya ɗauki Markus zuwa Kubrus, Bulus ya zaɓi Sila.

Wa ke da gaskiya? Bulus ya na da hujja mai ƙarfi. A tafiyar da Markus ya guje wa ne a ka jejjefe Bulus a Listra har a ka zaci ya mutu. Ba a tafiya irin wannan da wanda ba a tabbata da shi ba. Wani kuma zai ce Barnaba son dangi ya yi, wannan cuta kuwa mun san ta. Amma ku tuna, abin da ya roƙa domin Markus shi ne abin da ya taɓa yi domin Shawulu, wanda ba danginsa ba ne. A ganina Bulus ya dubi aikin, Barnaba ya dubi mutumin, Allah kuwa ya yi amfani da duka biyu. Sai dai a ƙarshe Bulus ne ya sauya magana. Cikin wasiƙarsa ta biyu ga Timothawus, ya na kurkuku, mutuwa ta kusa, ya roƙa a zo masa da Markus, ya ce ya na da amfani gare shi. Bitrus ya kira shi ɗansa. Tun zamanin iyayen ekklesiya an karɓa shi ne ya rubuta Bishara ta biyu.

Hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar. Kowace zumunta ta na da Markus nata: wanda a ka ba aiki ya watsar, wanda a ka sa ƙarƙashin horo saboda giya ko mace, wanda ya ci bashi daga asusu ya daina zuwa domin kunya. Horo wajibi ne, ba kuwa na ce a mai da shi ma'aji gobe ba. Barnaba ma bai tilasta wa Bulus ya karɓe shi ba. Shi da kansa ya ɗauki nauyin, ya tafi da yaron inda zai sa masa ido. Abin da ya biya ba kaɗan ba ne, gama daga wannan aya sunansa bai ƙara fitowa cikin Ayukan Manzanni ba.

Kada kuwa mu mai da shi mala'ika. Galatiyawa sura 2 ta faɗi ranar da waɗansu su ka zo Antakiya daga Urushalima, Bitrus ya janye daga cin abinci da masu bi na al'ummai, Barnaba ma ya bi shi. Mutumin da ya fara murna da tubansu ya tashi daga akushinsu domin tsoron mutanen garinsu. Taushin zuciyar da ya sa ya ke karɓar kowa, shi ne ya sa ya kasa ce wa manya a'a. Ran nan almajirinsa ne ya tsaya kan gaskiya. Da bai je Tarsus ba, da ba wanda zai gyara shi.

Tambayoyi domin tattaunawa: Wane ne cikin 'yan'uwa ya daina zuwa taro a wannan shekara, wa kuma ya taka zuwa gidansa? Idan shugabanku ya kwanta ciwo yau, wa ya koya wa aikin? Yaushe a ka karanta lissafin asusu gaban kowa? Ku tattauna gardamar Bulus da Barnaba, kowa ya faɗi gefen da zai bi da dalilinsa daga cikin Littafi.

Kafin taro mai zuwa a karanta wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon.