Ina Ungulu Ta Tafi?

Ku 'yan makaranta, ga tambaya. Shin tsuntsun da ba a cin namansa, ba shi kuwa da kyan gani, yana da wani hakki a kanmu?

Ku dubi ungulu. A da ba ta ƙidayuwa a Kano. Tana kan rimi, tana mahauta, tana share mushe ba ladan ko anini. Yau sai ka taka daga Ƙofar Mata har Dala, da wuya ka ga ɗaya. Guba da masu neman kanta don tsubbu sun ci ƙarfinta, har a 2015 masanan duniya suka sa ta cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa. A gaban idonmu ta ragu muna shiru, gama abin da aka raina ba a lissafa shi.

Ashe hakkin farko na kowace halitta shi ne a lura da ita. Wanda ya lura shi ke sanin ranar da abu ya soma raguwa, wanda ya sani kuwa shi ke iya tsawatawa.

Saboda haka in damina ta faɗi, ku ajiye danko ku ɗauki fensir. Ku hau Goron Dutse, ku bi bakin kududdufai. Ku rubuta ranar da shamuwa ta sauka, balbela nawa, shirwa nawa, a wane wuri. Kada ku ƙara ko ɗaya bisa abin da kuka gani, don shaidar ƙarya gara babu. In kun yi haka, shamuwa ba za ta bi sawun ungulu ba a sani ba.