Dampar Kan Babur da Tambayar Tawakkali

Dampa wata 'yar na'ura ce da ake ɗaurawa tsakanin kan babur da firam ɗinsa, domin ta hana kan fizgewa farat ɗaya. Cikinta mai ne da ƙananan hudoji. Idan kan ya juya, wani fiffike ko fistin yana tura man ta cikin hudojin nan. In a hankali aka juya, man yana wucewa salin-alin. In kuwa da ƙarfi ne, ba ya samun hanya da wuri, sai ya turje. Duk wanda ya taɓa juya cokali a cikin zuma ya san haka: sannu a hankali yana tafiya, da garaje kuwa sai ya cije. Shi ya sa mahayi yake karya kwana yadda ya ga dama, amma dutsen da ya bugi tayar gaba ba ya iya ƙwace masa kan daga hannu.

Abin da ake gudu shi ne karkarwar kai. Tayar gaba ta bugi wani abu tana cikin gudu, ta karkace, ta dawo da ƙarfi har ta wuce tsakiya, ta sake dawowa, kowane juyi ya fi na baya zafi. Wannan yana faruwa kusan sau 6 zuwa 10 a daƙiƙa ɗaya, saurin da hannun ɗan Adam ba ya iya bi. Mahayin da ya ƙanƙame kan da ƙarfi ma yakan ƙara wa abin wuta. A 1971 wani injiniya ɗan Ingila, Robin Sharp, ya wallafa lissafin da ya bambance wannan karkarwa da wani motsin dabam, wato lilon da dukan babur yake yi dama da hagu, wanda ya fi ta nawa kuma ya fi bayyana a babban gudu. Binciken da aka gina a kan aikinsa ya nuna abin da ya kamata kowane mai saye ya sani: dampa tana kwantar da karkarwa, amma idan aka matse ta fiye da kima tana iya tsananta lilo.

Gidan wannan na'ura shi ne tseren hamada da na daji. Gasar Dakar, wadda ta tashi daga Faris a ƙarshen Disamba 1978 ta isa Dakar a Janairu 1979, ta yi shekaru tana ratsa Agadas da rairayin Tenere kafin a soke ta 2008, ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. A irin wannan fili mahayi yana yini a tsaye kan babur, yana gudu a kan yashi mai ɓoye duwatsu, hannuwansa suna gajiya tun kafin azahar. Kamfanoni irin su Öhlins da Scotts da GPR a irin wannan aiki suka yi suna, kuma Honda ta fara sanya wa baburanta na tsere CRF250R da CRF450R 'yar ƙaramar dampa tun daga masana'anta a samfurin 2008.

Tambayar addini da ke nan tsohuwa ce. Ajali rubutacce ne, ba ya gaba ba ya baya. To mai kashe kuɗi a kan ƙarfen da zai tsare shi daga faɗuwa, ya rage tawakkalinsa ne, ko kuwa ya cika shi? Amsar da aka saba bayarwa ita ce labarin da Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik, na mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya haɗa biyun. Ana kuma kawo Sayyidina Umar, wanda ya juya da mutanensa daga Sarg da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, ya kuma bayyana wa Abu Ubaida cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Waɗannan sun isa su tabbatar da cewa riƙo da sababi ba ya cin karo da tawakkali. Sai dai ba su gama maganar ba, domin ba kowane abin da mutum ya kira kariya ne yake kare shi ba.

A nan rabon da Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi a babin tauhidi da tawakkali na Ihya'u Ulumiddin yake da amfani ƙwarai. Ya kasa sabubban tunkuɗe cuta gida uku. Akwai tabbatacce, kamar ruwa ga mai ƙishirwa, wanda barinsa ba tawakkali ba ne, haramun ne ma idan ana tsoron halaka. Akwai wanda ake kyautata zaton amfaninsa, kamar ƙaho da shan magani, wanda yin sa ba ya rage tawakkali. Akwai kuma na wahami, wanda amfaninsa a zuciyar mai shi kawai yake da ƙarfi, kuma shi ne mai tawakkali yake bari. Dampa ba ta da mazauni ɗaya a wannan rabo. Asalinta tana gida na biyu, amma yadda aka zaɓe ta da yadda aka ɗaura ta suna iya sauko da ita gida na uku.

Gida na farko na wasu abubuwa ne da suka fi ta araha. Boris ɗin wuyan babur ya zama bai lalace ba kuma bai saki ba. Iskar taya ta dace da ƙasar da za a bi. Wayoyin ƙafa su zama a ɗaure, birki yana ci, shokozoba ta gaba da ta baya an saita su daidai nauyin mahayi, don kada gaban babur ya nutse ko bayansa ya zauna. Mafi yawan karkarwa daga ɗayan waɗannan take tasowa. Gwajin boris ba shi da wuya: a ɗaga tayar gaba daga ƙasa, a juya kan dama da hagu a ji ko yana sarƙewa a tsakiya, sannan a kama ƙafafun gaba a jijjiga a ji ko akwai ƙwas-ƙwas. Wanda ya ji wannan ƙara ya je ya sayo dampa ya rufe ta, ya bar tabbatacce ya kama zato, kuma zaton nan nasa ya riga ya zama wahami, domin ciwon yana nan yana ci a ƙarƙashi, alamarsa kawai aka ɓoye. Wannan shi ne kuskure mafi muni a sha'anin, don yana zuwa da kamannin taka-tsantsan.

Idan an gama da waɗannan, sai zaɓi. Iri biyu ne. Akwai mai sanda, wadda fistin yake kai da komo a cikin bututu, an fi ganin ta a baburan kwalta. Akwai mai juyi, 'yar akwati da ke zama daidai saman wuyan babur, ita ce masu shiga daji suka fi so, domin ba ta hana kan juyawa har ƙarshe, kuma ba ta fiye karyewa idan an faɗi ba. Ta Scotts, misali, tana da saiti uku: na juyin hankali, na bugu mai ƙarfi, da na faɗin kusurwar da na'urar za ta yi aiki a cikinta. Samfurinta na daji yana turjewa ne lokacin da kan yake barin tsakiya, ya sake shi lokacin da yake dawowa. Wasu kuwa suna turjewa ta ɓangarorin biyu. Mai gudu a buɗaɗɗen yashi da mai lallaɓawa tsakanin itatuwa da kwazazzabai ba buƙatarsu ɗaya ba, kuma na biyun zai iya gama rayuwarsa bai nemi na'urar ba.

Ɗaurawa ita ma tana da ƙa'ida. Ana iya ɗora akwatin a saman sandar kai, ko a sa shi a ƙarƙashinta, wanda yake ɗaga sandar sama kaɗan amma yana kawar da ƙarfen daga saitin ƙirjin mahayi. Tsakiyar juyin dampa dole ta hau daidai kan tsakiyar juyin wuya. Ana kafa wani ɗan turke a jikin firam, da matsewa ko da walda, a saman turken kuma akwai fil da ke shiga cikin hannun dampa. Fil ɗin nan ana shafa masa giris, a bar shi yana motsi a raminsa, kada hannun ya danne shi. Sannan a juya kan har ƙarshe ta kowane gefe, a tabbatar cewa matsayar ƙarfe ta babur ce take tsayar da shi kafin dampa ta kai iyakarta, a kuma duba kada wayar totur ko ta birki ta maƙale. Idan aka yi sake dampa ta zama ita ce matsayar, faɗuwa ɗaya ta isa ta lalata ta. Wajen saiti kuwa daga sassauci ake farawa, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Wadda aka matse ƙam tana sa kan ya yi nauyi a ƙaramin gudu, ta hana mahayi 'yan gyare-gyaren da yake yi da hannu ba tare da ya sani ba, waɗanda su ne suke riƙe babur a tsaye.

Baburan haya da na kai kaya kasuwa da suka cika garuruwa da ƙauyukan ƙasar Hausa ba sa zuwa da dampa, kuma gudunsu bai kai inda za su buƙace ta ba. Idan kansu yana rawa, galibi lodi ne ya yi yawa a baya har gaba ya yi sakayau, ko boris ya mutu. Tabbataccen sababi a wurin mai irin wannan babur shi ne rage kaya, gyaran wuya da hular kwano.

Akwai wata ƙofa da sababi yake lalacewa ta cikinta ko da an ɗaura shi daidai, ita ce ta niyya. A 1975 masanin tattalin arziki Sam Peltzman na Jami'ar Chicago ya yi hujja da cewa mutane sukan ƙara ganganci idan an ƙara musu kariya. An yi ta jayayya a kan girman wannan tasiri, amma ba sai an je nesa ba kafin a gane shi a kan babur. Karkarwar kai gargaɗi ce, tana gaya wa mahayi cewa ya kusa iyaka. Dampa tana tura iyakar gaba, ba ta share ta. Wanda ya ɗauki wannan rata ya ajiye ta don ranar da dutse zai zo masa ba zato, ya amfana. Wanda ya cinye ta da ƙarin gudu ya koma bakin ramin da ya baro, kuma yanzu faɗuwar za ta fi muni. Aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa cikin halaka, kuma ko da yake ta zo ne a kan maganar ciyarwa don Allah, malamai da yawa sun kafa hujja da faɗin lafazinta. Kiyaye rai yana cikin larurori biyar da Gazali, da Shaɗibi a bayansa, suka ce shari'a ta zo ta tsare. Ƙwararru ma ba su tsira ba: a Dakar ta 2020 Paulo Gonçalves ɗan Fotugal da Edwin Straver ɗan Holan sun rasa rayukansu sakamakon faɗuwa, kuma daga 2021 aka wajabta wa mahaya rigar da ke kumbura da iska lokacin hatsari.

Mazaunin tawakkali zuciya ce, hannu kuwa aikinsa ɗaure noti. Malaman Ash'ariyya suna koyar da cewa sababi ba ya tasiri da kansa, Allah ne yake halittar sakamako a tare da shi bisa al'adar da Ya gudanar. Wannan fahimta ba ta raina ilimin injiniya, domin lissafin mai da hudoji karatun wannan al'ada ce. Abin da take hanawa shi ne mahayi ya ji a ransa cewa ƙarfen ya lamunce masa komawa gida. Bakanike ma yana da nasa kaso. Idan an kawo masa dampa ya ga wuyan babur ya saki, amana ce a kansa ya faɗa kafin ya karɓi kuɗin aiki, ko da mai babur ba ya son ji.

Na'urar kuma tana tsufa. Man cikinta yana lalacewa, robobinta suna sakin yoyo, iska tana shiga, turken yana iya sassautawa. Dampar da ta tsiyaye tana nan a mazauninta da kyan gani, mahayi yana gudu da zaton tana riƙe da shi alhali babu abin da take yi. Saboda haka ake ɗaga tayar gaba lokaci-lokaci, a ƙara saitin, a fizgi kan da sauri a ji ko turjiyar tana nan ba tare da wani gurbi a tsakiya ba, a duba danshin mai a gindin hannunta, a sabunta giris ɗin fil, a kuma canja mai da robobi a wa'adin da masu ƙera ta suka ƙayyade.