Yaran Jiya da Yaran Yau

Muna tuna tatsuniya da farin wata, da Rosari a gaban fitilar ƙwai, da katekis yana koya mana addu'a. Yau waya ce ke renon 'ya'yanmu. Amma Littafin Mai-Wa'azi (7:10) ya gargaɗe mu kada mu fifita kwanakin dā. A wancan zamani ƙyanda ta kwashe yara da yawa, 'yan mata kaɗan ne suka shiga makaranta. Abin da muka rasa shi ne zama tare da yara. A 1964 Majalisar Vatikan ta Biyu ta kira iyali ikklisiyar gida. Saboda haka mu ajiye waya da dare, mu tara yaranmu mu yi addu'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amin.