Wa Ke da Alhakin Mai Hawa Rufi?

A kwanakin nan, idan mutum ya bi titi a Jos ko Kaduna ko Maraɗi ya ɗaga kai, zai ga faifan satalayit birjik a bisa gidaje, wanda mutane su ke kira dish. Ba mu zo yin gardama a kan kallon talabijin ba, wannan magana ce ta wata rana. Tambayarmu a kan saurayin da ya hau rufi ya kafa faifan ce. Idan ya faɗo, alhakinsa yana wuyan wa?

Mai gida zai ce, "Ai sana'arsa ce. Mun yi ciniki, na biya shi, da ƙafarsa ya hau." Da gaskiyarsa ta wani gefe. Mai aikin ba jariri ba ne, kuma wanda ya taka rufi da silifas mai santsi ya yi wa kansa sakaci. Amma bari mu duba tukuna ko hawan nan ya zama dole.

Tauraron ɗan'adam da faifan ya ke dubawa yana can sama wajen kilomita 36,000 bisa layin da ya raba duniya biyu, watau ikwaita. Yana kewaya duniya sau ɗaya a rana, daidai da juyawarta, domin haka a wurinmu kamar a tsaye ya ke. Da irin wannan tauraro, mai suna Syncom 3, aka kai wa mutanen Amurka hotunan wasannin Olamfik na Tokyo a 1964. To, abin da ya ke da nisa haka, me tsawon ɗaki zai ƙara masa? Ko kaɗan. Bukatar faifan ita ce kada itace ko bango ya tare shi daga gefen sama inda tauraron ya ke, kuma a ɗaure shi tamau, gama idan iska ta karkata shi kaɗan sai hoto ya ɗauke. A gidaje da yawa zai yi aiki sarai a jikin bango, ko a kan ƙarfe da aka kafa a tsakar gida.

Me ya sa fa mu ke cewa lalle sai a bisa? Wani domin tsoron ɓarayi, wani domin yara da awaki, wani kuwa gidansa a matse ya ke, ba shi da wani wuri. Waɗannan hujjoji ne. Amma mu faɗi gaskiya, 'yan'uwa, akwai wanda ya ke so maƙwabta su gani daga nesa su san shi ma ya saya.

Ga wani abu kuma. Mai aikin ya san faifai, amma mai gida ne ya san rufi. Shi ya san inda kwano ya yi tsatsa, da katakon da gara ta cinye, da inda wayar lantarki ta bi ta bayan ɗaki. Yakan yi shiru, domin kada a ƙara masa kuɗi. Yakan matsa a gama kafin a fara ƙwallo da yamma, ko da an yi yayyafi kwano yana da laima. Saurayin kuma ba zai ce a'a ba, gama idan ya ƙi, wani zai karɓi aikin kafin magariba. Sau da yawa ma ba maigidan shago ne ke hawa ba, yaronsa ne, wanda ba a yi cinikin da shi ba. Ashe, yardar mai jin yunwa ta isa ta wanke wanda ya san haɗarin ya ɓoye?

Wannan ba sabuwar tambaya ba ce. A cikin Kubawar Shari'a 22:8 an umurci wanda ya gina sabon gida ya yi wa rufinsa rawani, domin kada jinin wanda ya faɗo ya zama a kan gidan. Mu lura, ba a tambayi ko wanda ya faɗo ya yi sakaci ba. An ɗora nauyin a kan mai gida tun kafin kowa ya hau. Maginan soro na ƙasar Hausa ma sun san rawani tun da daɗewa. Rufin kwano ba shi da shi, sai abin da mai gida ya tanada da kansa: ya nuna wurin da ya ruɓe, ya nemi tsani mai ƙarfi, ya sa babba ya riƙe shi, ya ce a dakata kwano ya bushe.

A ganinmu, idan an yi dukan wannan amma tsautsayi ya auku, mai gida ba shi da laifi. Duk da haka bai kamata ya shige ɗaki ya rufe ƙofa ba. Saurayin da ya karye a ƙafa zai yi watanni bai hau tsani ba, kuma mai aikin hannu ba ya da albashi ranar da ya kwanta. Ladan kafa faifai ɗaya ba zai biya mai ɗori ba, balle asibiti. Mu kuwa kowace yamma muna zaune a tabarma muna kallon hoton da ya gyara mana.